Haddar da Ta Raba Ni da Aji

Ni aka kira ɓarauniyar jarrabawa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da tarihi a sakandaren 'yan mata a Kano, ni da in aka ce ni ce mai tsaron jarrabawa yara suke fara salati tun daga bakin ƙofa, don har cikin ɗankwali da tafin hannu nake dubawa. To ni ɗin ce aka zaunar a wani ofis a New York, da furfurata da komai, ana tambayata inda na ɓoye takarda.

Maigidana na biyo. Shi ya riga ni zuwa yana tuƙin tasi, da takardunmu suka fito sai na ajiye alli na taho da 'yarmu guda ɗaya, tana 'yar firamare a lokacin. Muna zaune a titin Grand Concourse da ke unguwar Bronx, can saman bene, a gidan da lif ɗinsa yake aiki ranar da ya ga dama. Na zo da satifiket ɗina a cikin leda, a zatona in na huta gajiyar hanya sai in nemi makaranta in ɗora daga inda na tsaya. Ashe a nan takardun nawa ba su fi takardar ƙunsa ƙosai daraja ba. Aikin da na samu shi ne wanda yawancin matanmu suke samu, kula da tsofaffi a gidajensu. In yi wa tsohuwa wanka, in canza mata zanin gado, in ba ta magani, in dama mata abin da dasashinta zai iya. Ba na raina sana'ar, ita ta rufa mana asiri a ranakun da tasi ba ta kawo komai ba. Amma ni malama ce, jama'a. In na bi ta gaban makaranta na ji hayaniyar yara, ƙafata da kanta take rage sauri.

Sai da 'yata ta girma ta shiga karatun nas sannan na samu kaina. Akwai wata kwaleji a nan Bronx da take buɗe aji ranar Asabar saboda irinmu, waɗanda suka koyar a wata ƙasa suke neman lasin koyarwa a wannan. Na shiga. Bana kwas ɗaya, baɗi biyu, ina tafe ina ɗingishi, har ya rage min guda ɗaya tak, tarihin makarantu da jaridun farko na Amurka. Sharaɗinsu kuwa kowane kwas sai ka ci B ko sama da haka, in ba haka ba babu lasin.

A daidai lokacin Allah ya haɗa ni da shugabar wata firamare da ke kan layinmu. 'Ya'yan mutanenmu sun yi yawa a makarantar, na Nijeriya da na Nijar da na Gana, iyaye kuma in sun zo sai a yi ta magana da hannu. Na raka wata maƙwabciyata in yi mata tafinta, shugabar ta ji cewa ni tsohuwar malama ce, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce in kawo mata lasin kafin a dawo hutu a watan Satumba, aji nawa ne. Har ta kai ni ta nuna min ɗakin. A ƙasa yake, tagoginsa suna kallon titi, ga 'yan kujeru an kifa a kan tebura. Na shafa allon bangon da hannuna, na sake shafawa, sai da ta yi gyaran murya. Daga nan ban wuce gida ba, Fordham Road na nufa, shagon wani mutumin Maraɗi, na sayi takalmi baƙi mara tsini. Ya ce, "Hajiya, wannan ko wuni za ki yi tsaye ba ki jin komi." Na ce abin da nake nema ke nan. Na tura shi ƙarƙashin gado a cikin kwalinsa, na ce sai ranar.

Farfesar da take ɗaukarmu wata dattijuwar Baturiya ce siririya, tabarau a rataye a wuya, ba ta ɗaga murya. Ranar farko ta zo da wani abu a naɗe, ta kwance ta miƙo yana zagayawa hannu-hannu. Wani ɗan katako ne mai mariƙi, an manna masa takarda ɗauke da haruffa da wata gajeriyar addu'a, an rufe ta da ƙahon saniya da aka fere har ana ganin rubutun ta ciki. Ta ce da shi 'ya'yan Turawan da suka fara zama a ƙasar nan suke koyon karatu. Da ya iso hannuna saura kaɗan in yi ihu. Allo ne wallahi! Ƙarami ne kawai, kuma ba a wanke shi. Mahaifina makarantar allo gare shi a soron gidanmu, a cikin ƙarar karatu na buɗe ido, sai ga shi na tsallako teku an miƙo min abin gidanmu a matsayin kayan tarihi.

Daga ranar kwas ɗin ya shiga raina. Ta ba mu labarin matan da suke tara 'ya'yan maƙwabta a madafinsu, suna juya tukunya suna biya musu karatu. Ta ba mu labarin makarantar ƙauye mai ɗaki ɗaya, manya da ƙanana a cakuɗe, kowa yana rera darasinsa da ƙarfi, malami yana kiransu rukuni-rukuni su kawo abin da suka haddace, ga tsumagiya a kusa. Sannan masu jarida. Mutum ɗaya shi ne mai ɗab'i, shi ne edita, sau da yawa shi ne mai gidan wayan garin. Yana zaman jiran jirgin ruwa ya kawo labarin Turai da ya kwana ya tsufa a hanya, jaridun wasu garuruwa kuma in sun iso sai ya sa almakashi ya yanko abin da ya yi masa ya buga a tasa, ba sai ya nemi izinin kowa ba. 'Yan ajinmu suna hamma suna latsa waya, ni kuwa ji nake kamar labarin unguwarmu ake ba ni.

Na yi karatun yadda na san ana karatu, wato hadda. Haka aka rene ni. Mahaifina yakan ce in ka ɗauko maganar malami ka sauya mata kalma ɗaya, ka ci amanarsa, kai wane ne da za ka sa masa baki. A bokon ma haka muka taso, malami ya ba ka rubutu, ranar jarrabawa ka mayar masa da abinsa cif-cif, shi ne ɗalibin kirki. Saboda haka na ɗauki littafin kwas ɗin na fara daga bangon farko. Ina biyawa a jirgin ƙasa na layin D, leɓena yana motsi mutane suna matsawa gefe. Ina biyawa ina wanke kwanukan tsohuwar da nake kula da ita, ina biyawa ina tuƙa tuwo. Duk shafin da ya zauna sai in koma baya in haɗa shi da na jiya. Maigidana in ya shigo ya same ni ina girgiza kai sai ya ce, "Malama, yaushe za a yi walimar saukar ne, in fara neman rago?" In ce ya bari kawai, zai gani.

Ranar jarrabawa aka karɓi wayoyinmu aka zuba a kwando, aka ba mu takardu. Tambayar da ta fi maki cewa ta yi a tattauna yadda makarantun farko suke koyarwa da yadda jaridun farko suke yaɗa labari. Na ce alhamdulillahi. Na yi bismilla na buɗe famfo. Shafukan suna zuwa min a jere, har inda aka sa waƙafi ina gani, hannuna ne kawai yake gaza gudun. Na riga kowa gamawa. A hanya na sayi kaza, na ce wa maigidana ragon nasa ya iya jira, mu fara da wannan.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo wayata, farfesa tana son ganina a ofis. Wallahi tallahi zatona yabo za ta yi. Atamfata ta fita unguwa na ɗaura. Na shiga na same ta da takardar jarrabawata a hannun dama, littafin a buɗe a hannun hagu, an bi duka biyun da alƙalami ruwan ɗorawa, layi-layi, har ba ka ganin farin takarda.

Ta ce, "Zauna. Ina so ki faɗa min gaskiya, zai fi miki sauƙi. Ta yaya littafin nan ya shiga ɗakin jarrabawa?"

Na ce, "A kaina ya shiga."

Ta yi wani ɗan murmushi na tausayi. Ta ce ta daɗe tana koyarwa, ba ta taɓa ganin wanda ya kawo shafi a kan shafi kalma da kalma daga kansa ba. Tana maganar sai idonta ya sauka a kan hijabina, daidai saitin kunnena, ya ɗan tsaya, sannan ya koma kan takarda. Ba ta furta ba, amma na ji ta sarai. Ana sa ɗan abin sauraro a kunne, wani yana karanto maka daga waje.

Na ce, "Da a ranar kika ce in cire, da na cire miki, ai ke ma mace ce. Yanzu da kika bari aka watse kike dubana haka?"

Ta ce ita ba ta ce komai ba. Ta ce maganar ta riga ta wuce hannunta, an miƙa wa kwamiti, sakamakona kuma an riƙe shi. In kwamitin ya same ni da laifi kora ce, kuma za a rubuta a fayil ɗina, babu hukumar da za ta ba ni lasin bayan haka. Ban san yadda na sauko daga benen ba. Na dai tsinci kaina a tashar jirgi, jirage suna zuwa suna wucewa, ina zaune da atamfata ina cewa innalillahi.

Zaman jiran kwamitin nan ba na fatan maƙiyina ya yi irinsa. Abinci ya ƙi shiga. Ina cuɗa wa tsohuwa baya hawaye yana ɗiga a ruwan wankanta, ita kuma tana tambayata ko sabulun ne ya shiga min ido. Matan masallacinmu tuni suka fara kirana malamar makaranta, don bakina bai yi shiru ba lokacin da aka yi min alkawarin, yanzu kowace ta gaishe ni sai in ji kamar ta san wani abu. Na hango shugabar firamaren a bakin titi tana ɗago min hannu, na yi kamar ban gani ba na tsallaka ɗaya gefen, saura kaɗan mota ta kwashe ni. Maigidana ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa tun tuni, amma shi ya daina faɗa min haka yana cin tuwo hankali kwance. Bai ji haushi ba, bawan Allah, ya ajiye cokalin.

'Yata ce ta faɗi abin da na ƙi ji. Ita Hausa tana shiga kunnenta amma Turanci ne yake fita ta bakinta. Ta ce, "Umma, ko sun yarda haddacewa kika yi, a nan duk ɗaya ne. Maganar wani ce, ba ki ce tasa ba ce." Na ce ta rufe min baki. Wane ne bai san maganar mai littafin ba ce? Farfesar ce ba ta sani ba, ita da ta zaɓo mana shi? Ai ban ce ni na ƙirƙiro tarihin Amurka ba.

Ranar zaman su uku ne, farfesar da wata mata da wani mutum mai sanƙo wanda shi ne shugaba. Ya fara karanto doka. Na ɗaga hannu na ce ya yi haƙuri, a buɗe littafin duk inda aka ga dama, a karanto min rabin layi. Suka dubi juna. Matar ta buɗe wajen masu ɗab'i da almakashinsu ta karanto. Na gyara zama, na runtse ido, na kama. Ina yi ina jin ƙarar juya shafi. Ta tsallaka gaba ta ba ni wani wurin, na kama shi ma. Hijabin kuwa tun kafin in fara na ɗage shi daga kunnuwana, don kowa ya gani. Da na buɗe ido farfesar ta cire tabaraunta, fuskarta ta yi ja. Ta ce ta zarge ni da abin da ban yi ba, in yafe mata. Na ce na yafe. Wallahi har na kai hannu ga jakata, na ɗauka an gama.

Sai mai sanƙon ya ce, "Mun yarda ba ki shigo da komai ba. Amma dokarmu ba ta tambayar daga aljihu kalmomin suka fito ko daga kai. In na wani ne, ba a sa musu alama an ambaci mai su ba, an ɗauki abin da ba na mutum ba ne."

Na ce, "Ikon Allah! To littafin nan da ke gabanku me ya ce? Ba shi ya ce yaranku da hadda suka yi karatu ba? Ba shi ya ce masu jaridarku da almakashi suke cika shafi ba? Da su kuke taƙama, kun sa su a littafi kun ce mu karanta, ni da na yi irin nasu ni ce ɓarauniya?"

Farfesar ta amsa a hankali. Ta ce, "Shi ya sa muke karanta su a ajin tarihi. Mun bar wannan hanyar." Sannan ta matso da kujerarta ta ce, "Tambayar cewa ta yi ki tattauna. Na san abin da mai littafin ya ce, na sha karanta shi. Ke me kika ce?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ni da ba a taɓa rufe min baki a taron malamai ba. Na laluba cikin kaina, ko'ina littafin ne a shimfiɗe, babu ko masakar tsinke. Tun da na fara zuwa makaranta har na yi furfura babu wanda ya taɓa yi min wannan tambayar a ɗakin jarrabawa, kuma da ɗaliba ta kawo min ra'ayinta a madadin abin da na koya mata da jan biro zan bi ta.

Hukuncinsu shi ne ba kora, ba a rubuta komai a fayil, amma an soke jarrabawar. An ba ni mako guda in rubuto amsar a gida da kalmomina, abin da na ci a nan shi ne makina na kwas. Suna ganin sun yi min alheri, kuma ta wani gefen sun yi. Na yi godiya na fito.

Na ɗauki hutu a wurin aiki na zauna gaban kwamfutar 'yata. Duk jimlar Turancin da na ɗauko, kafin in kai ƙarshenta sai in ji ta mai littafin ce. In goge, in sake, ta sake dawowa da rigarta. Na gwada sauya kalmomi, wannan a cire a sa waccan, sai abin ya fito ba kai ba gindi, kuma zuciyata tana ce min cin amanar da mahaifina yake faɗa ke nan. Na yi kuka, na yi alwala, na dawo, na sake kuka. Abin da na kwana ina roƙon Allah ya zaunar min a kai, yanzu shi nake roƙo ya fitar.

Da na gaji sai na ture kwamfutar na ɗauki biro na fara da Hausa, don kawai hannuna ya motsa. Tabɗi! Sai ga magana. Na rubuta soron gidanmu da ɗan katakon farfesa, yadda yaro yake riƙe karatunsa a hannu ya san nauyinsa. Na rubuta cewa matar da take koyarwa a madafi na san ta, goggona ce, kuma yaran da ta koyar ba su fito wawaye ba. Na rubuta cewa inda littafi ya yi ƙaranci kai ne laburare, shi ya sa Turawan farko suka yi hadda, shi ya sa mu ma muka yi, kuma mai ɗab'in da ya yanko labarin wani gari ya buga ba sata yake ji ya yi ba, isar da saƙo yake, kamar mai shelar unguwa. Na rubuta har da abin da ban san ina tunani ba, cewa hadda tana adana magana amma ba ta koya maka mayar da amsa. Shafuka suka taru, hannuna ya yi tsami.

Saura mayarwa Turanci, a nan gizo yake saƙar. Turancina na aji ne da na littafi, in ba na wani na ɗauko ba sai ya fito yana jan ƙafa. 'Yata ta dawo daga asibiti ta same ni a haka, ta ce in karanta mata abin da na rubuta. Na karanta. Ta ja kujera ta zauna gaban kwamfutar. Ta ce, "Umma, ki dinga faɗa ina rubutawa. Babu wanda zai sani." Maigidana daga kan kujera ya ce, "Ai tunanin naki ne, Malama. Ita hannu kawai za ta ara miki."

Na yarda. Kada in yi muku ƙarya, na yarda, don ajin nan da tagoginsa yana tsaye a idona. Na faɗi sakin layi na farko da Hausa, yatsunta suka yi ta gudu. Ta juyo min da fuskar kwamfutar na karanta. Kai, abin ya yi kyau! Turanci sumul, irin na farfesar, da wasu kalmomi da ban taɓa sa su a bakina ba. Na san in na miƙa wannan na ci, har da ƙari. Na sake karantawa, na nemi kaina a ciki na rasa.

Na ce, "Goge."

Ta ce, "Umma!"

Na ce ta goge. An kira ni ɓarauniya ban ɗauki komai ba, na zauna gaban mutum uku na wanke kaina da bakina. In na miƙa wannan, to farfesar ba ta yi kuskure ba, gaggawa kawai ta yi. 'Yata ta fashe da kuka tana cewa zan rasa aikin saboda taurin kai, kowa yana samun mai gyara masa, ni kaɗai ce waliyyiya a garin nan. Maigidana ya ce, "Haba Malama, shekara nawa kina wahala?" Na ce ya ƙirga da kansa, shi yake da lokaci. Ta goge ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Na jawo ƙamus na fara, kalma ɗaya bayan ɗaya, har ranar ƙarshe ina kai.

C farfesar ta ba ni. Ta kira ni ta faɗa min da bakinta, ba ta bari na gani a waya ba. Ta ce wannan ne karo na farko da ta ji muryata, kuma abin da na faɗa game da allon nan za ta daɗe tana tunaninsa. Amma rubutun gajere ne, ban kawo hujjoji daga littattafai yadda ake buƙata ba, Turancin kuma a wurare da yawa sai ta yi ta laluben abin da nake nufi, ba za ta iya ba ni abin da ban kai ba. Ban san lokacin da na durƙusa a ofishin ba. Ni da ban taɓa ƙara wa ɗaliba rabin maki don ta yi kuka ba, na roƙe ta da girman Allah, na faɗa mata maganar ajin, har takalmin na faɗa mata. Ta kama kafaɗuna ta ɗaga ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce kwas ɗin yana dawowa baɗi, za ta yi murnar ganina.

Shugabar firamaren ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ita ma ta so, amma yara ba za su zauna babu malami shekara guda ba, kuma ba ta san ko za a sake samun gurbi ba. Ta rako ni har bakin ƙofa.

Akwai ranakun da nake cewa na yi daidai. Akwai kuma ranakun da nake durƙushe ina goge fitsarin tsohuwa a ƙasan banɗaki, in ce ke dai wawuya ce, da kin bar yarinyar nan ta rubuta da yanzu alli ne a hannunki. Waɗannan ranakun sun fi yawa, gara in faɗa. Littafin kuma yana nan a kaina bai rage ko waƙafi ba, in ina cikin jirgi sai in ji leɓena ya kama shi da kansa.

Da aka dawo hutu, wata safiya na bi ta gaban makarantar zan tafi aiki. Da sauran zafi, an buɗe tagogin ajin. Yaran suna tsaye, kowa hannu a ƙirji, suna fuskantar tuta suna biya alkawarin da suke yi mata kullum safe. Murya ɗaya, kalma da kalma, da ka, babu wanda ya sauya ko harafi, babu wanda aka tambaya shi me ya ce. Na tsaya na riƙe ƙarfen shingen. Malamar wata yarinya ce da ba ta girmi 'yata ba. Ta hango ni ta leƙo da fara'a, ta tambaye ni ko jikana na kawo, ƙofar shiga tana ta can gefe. Na ce a'a, wucewa nake. Ta ja tagar ta rufe.

Takalmin yana ƙafata ranar, don na aikin ya yage, na ga babu amfanin ajiyar. Mutumin Maraɗi bai yi ƙarya ba, ana wuni tsaye da shi. Na ƙara sauri, tsohuwa tana can tana jiran wanka.